Amsa ga mai son zuwa karatun ƙananan dodannin-koɗin teku

Assalamu alaikum, ƙanena.

Saƙonka ya iso ni, na kuma karanta shi har sau biyu, domin ba kullum nake samun wanda ya gama digirin farko a ilimin dabbobi ya rubuto mini cewa burinsa shi ne ya zo Turai ya koyi rarrabe ƙananan dodannin-koɗin teku da raɗa musu suna ba. Ka ce hotunan ɓawonsu da ka gani ne suka ja hankalinka. Ka tambaye ni jami'ar da ta fi dacewa, da ko magabata sun bar sauran aiki, da ko wanda bai taɓa zama a bakin teku ba zai iya, sannan daga ƙarshe, cikin jin nauyi, ka tambayi ko fannin yana riƙe mai shi. Zan amsa maka, sai dai ba bisa jerin da ka kawo ba, saboda tambayar jami'a da ka sa a gaba ita ce mafi sauƙi a cikinsu.

Ka fara sanin yadda ranar aiki take. Abin da masana ke kira ƙananan dodannin-koɗi su ne waɗanda ko sun gama girma ɓawonsu ba ya wuce milimita 5, kuma da yawansu ba su kai rabin haka ba. Akwai wani da masani ɗan Sifaniya Emilio Rolán ya siffanta a 1992 daga ruwan Kyuba, Ammonicera minortalis, wanda faɗinsa bai kai rabin milimita ba, wato in ya faɗi a kan tebur ba za ka bambanta shi da ƙwayar yashi ba. Ana samo su ne ta hanyar kankare duwatsu da matattun murjani da burushi a cikin bokiti, ko wanke ciyawar teku, ko ɗebo yashin ƙarƙashin ruwa, sannan a tace da rariya mai ido daban-daban. Wannan ɓangaren na teku makonni ne kawai a shekara, wata shekarar ma babu shi sam. Sauran watannin za ka yi su ne a zaune, an barbaɗa busasshen yashi a baƙin faranti, idanunka a kan madubin ƙara girma, hannunka riƙe da siririn burushin zane da ka ɗan jiƙa tsininsa, kana tsintar ɓawo ɗaya bayan ɗaya kana sawa a 'yan kwalabe. Hantsaki yakan fasa su, numfashi mai ƙarfi kuma yakan watsar da aikin awa guda. Don haka rashin zama a bakin teku ba zai hana ka komai ba, kuma ko iyo ba dole ba ne. Abin da zai hana ka shi ne in ba za ka iya zama awa biyar a gaban madubi ba tare da ranka ya ƙuntata ba.

Ni kaina a watannina na farko a gidan adana halittun da na yi horo, na ware wasu ɓawo guda bakwai masu ƙyalli da ban ga irinsu a kowane littafi ba, na yi mako uku ina auna su ina zana su, har na fara tunanin sunan da zan raɗa. Da na kai wa dattijuwar da ke kula da tarin, sai ta leƙa madubi kamar na minti ɗaya, ta miƙe ta jawo wata durowa, ta ɗauko ɓawo mai tsawon yatsa, ta ce in duba tsininsa. Abin da na ɗauka sabon nau'i ne ashe jariran wani sanannen dodon-koɗi ne da aka daɗe da sanya wa suna. Ba ta yi mini dariya ba, ta dai nuna mini cewa leɓen ɓawon nawa siriri ne bai yi kauri ba, alamar mai shi bai gama girma ba. Tun daga ranar, tambayar farko da nake yi wa duk abin da na tsinta ita ce: babba ne ƙarami, ko kuwa yaro ne na babba?

Game da sauran aiki kuwa, ka kwantar da hankalinka, akwai shi fiye da yadda hannuwan da ke fannin za su iya ɗauka. A 1993 wata tawaga ƙarƙashin Philippe Bouchet na gidan adana halittu na birnin Paris ta yi aiki a Koumac, a tsibirin Sabuwar Kaledoniya da ke tekun Pasifik, a fili mai faɗin murabba'in kilomita 295 kacal. Da aka wallafa sakamakon a 2002, sun ƙirga nau'i 2,738 na dodannin-koɗi da danginsu daga samfuri sama da 127,000. Kusan kashi ɗaya cikin uku na nau'o'in nan girmansu bai wuce milimita 4 ba, kashi 20 cikin ɗari kuma guda ɗaya tak aka samu na kowannensu. Manyan da masu tara katantanwa ke ado da su, irin su wuri da aka yi kuɗi da shi a da, 'yan tsiraru ne a lissafin. Tawagogin da suka biyo baya, a Panglao ta ƙasar Filifin a 2004 da Santo ta Vanuatu a 2006, sun dawo da ƙarin kwalabe, kuma har yau ɗimbin abin da aka kwaso yana jiran wanda zai zauna ya siffanta shi.

Wahalar fannin ta samo asali ne daga cewa ƙanƙanta ba dangantaka ba ce. Dangogi da dama da ba su haɗa kaka na kusa ba kowanne ya ƙanƙance ta hanyarsa, ɓawonsu kuma ya zo ya yi kama, fari, santsi, ba ado. Dangin Pyramidellidae, masu dubban nau'o'i, ba su da harshen nan mai haƙora da sauran dodannin-koɗi ke kankarar abinci da shi, sai wata 'yar allura da suke soka wa tsutsotsin teku da wasu masu ɓawo suna tsotsa, kamar yadda kaska ke yi. Dangin Eulimidae suna rayuwa ne a jikin taurarin teku da bushiyar teku. Triphoridae soson teku suke ci, kuma galibinsu ɓawonsu hagu yake murɗawa alhali mafi yawan dodannin-koɗi dama suke murɗawa. Caecidae kuwa in sun girma sukan yar da murɗaɗɗen ɓawon yarintarsu su toshe wurin, su koma kamar ɗan lanƙwasasshen bututu, shi ya sa wasu masanan da suka ba matakan girman dabba ɗaya sunaye daban-daban. Tsohon rabon da ake koyarwa a darasin digirin farko, wanda ya kasa dodannin-koɗi gida uku bisa gaɓoɓin numfashi, ya rushe tun bayan aikin masana Ponder da Lindberg na 1997 da binciken DNA da ya biyo baya, har ta kai an gano cewa Pyramidellidae sun fi kusa da dodannin-koɗin tudu masu huhu a kan wasu maƙwabtansu na teku da suke kama da su. Tsarin da aka fi bi yanzu shi ne na Bouchet da Rocroi na 2005 wanda aka sabunta a 2017.

Wurin da za ka fi daɗewa kana kallo shi ne tsinin ɓawo, inda ɓawon jarirta yake, domin dabbar tana ɗauke da tarihin haihuwarta a kanta. In ka ga tsinin siriri ne mai zagaye da yawa, to jaririn ya yi yawo a saman ruwa yana ci kafin ya sauka ƙasa, kuma irin wannan nau'in yakan bazu nesa. In kuwa dunƙulalle ne mai zagaye ɗaya ko ɗaya da rabi, to da guzurin ƙwai ya rayu, bai yi nisa da inda aka haife shi ba, kuma irinsu ne ake yawan samu a tsibiri ɗaya kaɗai. Sau da yawa nau'i biyu sukan yi kama a komai sai a nan. A Pyramidellidae ma ɓawon jarirtar hagu yake murɗawa na girman kuma dama, sai ka gan shi a kishingiɗe ko a nutse a saman tsinin. Madubin haske ba ya nuna ƙananan zane-zanen wurin yadda ya kamata, sai an wanke ɓawon, an manna shi a kan ɗan ƙarfe, an yi masa siririn rufi na zinariya, an sa a madubin lantarki. Hotunan da suka burge ka daga irin wannan na'urar suka fito, kuma rashinta na daga cikin dalilai na gaskiya da ke sa mutum barin gida don wannan karatu.

Raɗa suna yana da doka, kuma rabin aikin a tsofaffin littattafai yake. Sunayen kimiyya na dabbobi suna farawa ne daga bugu na goma na littafin Linnaeus, masanin halittu ɗan Suwidin, na 1758, duk sunan da ya riga wannan ba ya aiki. Abin takaici ga mai sha'awar gaɓar Afirka ta Yamma shi ne masani Bafaranshe Michel Adanson ya wallafa aikinsa kan katantanwar Sanagal a 1757, shekara ɗaya tak kafin a ja layin, don haka sunayensa sai waɗanda marubutan baya suka ɗauka suka sake kafawa. Kundin dokar raɗa sunan dabbobi na duniya da ake bi yanzu bugu na huɗu ne, wanda ya fara aiki a farkon 2000, kuma tun 2012 an yarda da wallafa sabon suna ta intanet in an yi masa rajista a ZooBank, rumbun rajistar sunayen dabbobi. Ƙa'idar ita ce sunan da ya riga shi ne mai gida, kuma kowane sabon nau'i sai an ware masa samfurin da zai riƙe sunan, galibi guda ɗaya, a ajiye shi inda kowa zai iya zuwa ya duba. Ma'anar wannan a aikace ita ce kafin ka ce abu sabo ne, sai ka bi duk wanda ya taɓa siffanta mai kama da shi, ko da layi uku ne na Latin da ɗan zane a ƙarni na 19, ka nemo samfurinsa a Landan ko Paris ko Kopanhagen ka gwada. Ina ba ka shawara ka fara koyon karanta Faransanci tun yanzu, sannan Sifaniyanci, domin yawancin abin da aka rubuta kan ƙananan dodannin-koɗin gaɓar Afirka ta Yamma a waɗannan harsuna yake, ciki har da jerin ayyukan Peñas da Rolán kan Pyramidellidae. Tarin da jirgin binciken Denmak mai suna Atlantide ya kwaso daga wannan gaɓar a 1945 zuwa 1946 yana Kopanhagen, kuma gaɓar tana daga cikin waɗanda ƙanananta ba su sami kulawar da ta Bahar Rum ta samu ba.

DNA ta sauƙaƙa wasu abubuwa ta kuma kawo nata matsalolin. Ana karanta wani guntun gado da ake kira COI, mai harafi kusan 658, a gwada da na wasu. Amma dabbar da ba ta kai milimita biyu ba sau da yawa sai an niƙe ta gaba ɗaya kafin a sami abin karantawa, don haka dole a ɗauki hotonta da rai tukuna. In an jefa ta a itanol, sinadarin da ake adana samfuri a ciki, mai ƙarfin 96 cikin ɗari, tana iya shigewa ciki ta ja murfinta, sinadarin bai shiga ba, naman ya ruɓe. Fomalin, wani sinadarin adanawa, yana lalata DNA, kuma in ya yi tsami yana cinye ɓawon. Ko busasshen ɓawo ma yakan yi farin gari ya ruguje in an ajiye shi a durowar katako ko takarda mai fitar da tururin asid. Sannan tun da yarjejeniyar Nagoya ta fara aiki a 2014, fitar da samfuri daga wata ƙasa zuwa wata don binciken gado yana bukatar izini a rubuce. Kada ka cika jaka da kwalabe ka taho da niyyar burge malami, domin gidan adana halittu na kirki ba zai karɓi abin da ba shi da takarda ba.

Batun jami'a kuwa, ba za ka sami digiri mai wannan sunan ba. Mutum ake bi. Masu fannin suna manyan gidajen adana halittu, a Paris, Landan, Leiden ta Holan, Frankfurt, Sidni ta Ostireliya, kuma ta hannunsu ake yin rajista da jami'ar da suke hulɗa da ita. Hanyar da ta fi yiwuwa ita ce digiri na biyu a ilimin halittun teku, irin shirin da Jami'ar Ghent ta Beljiyam ke jagoranta tare da wasu jami'o'in Turai, ka zaɓi aikin kammalawa a wurin mai tarin katantanwa. Sharuɗɗan tallafin karatu suna canzawa, sai ka duba na shekarar da za ka nema.

Tambayarka ta ƙarshe ba zan yi maka rufa-rufa ba. Guraben aiki na dindindin a wannan fanni kaɗan ne ƙwarai, mai kula da tari yakan yi shekara talatin a kujerarsa, kuma wani lokacin in ya yi ritaya ba a maye gurbinsa. Babban kaso na sababbin sunaye ma masu wata sana'ar ne ke wallafa su, shi kansa Rolán likita ne. Waɗanda na ga sun tsaya da ƙafafunsu su ne waɗanda suka haɗa idon rarrabewa da wata ƙwarewar da ake nema: nazarin DNA da kwamfuta, sarrafa madubin lantarki, ko tantance halittun ƙarƙashin teku ga masu binciken muhalli.

Kafin ka rubuta wa kowa, ka gwada kanka wata uku. Ka nemi madubi a tsohon sashenka, ka yi aiki da dodannin-koɗin ruwan daɗi, musamman Bulinus da Biomphalaria masu ɗauke da tsutsar tsargiya, da safar hannu da takalmin roba don ruwan da suke ciki yana iya harbin ka. Bulinus hagu yake murɗawa, zai koya maka duba wannan tun da wuri. Ka auna, ka zana, ka rubuta wa kowane samfuri wuri da rana. Ka buɗe WoRMS, rumbun sunayen halittun teku da ake gudanarwa daga Ostend, ka zaɓi dangi ɗaya kawai, ka bi asalin siffantawar nau'i ashirin a Biodiversity Heritage Library, inda tsofaffin littattafan suke kyauta. In ka gama, ka rubuta wasiƙar da ba ta wuce shafi ɗaya ba zuwa ga masanin wannan dangin, ka faɗi abin da ka karanta na aikinsa da abin da ka yi da hannunka, ka haɗa da zanenka uku. Ka turo mini ita tukuna in duba maka kafin ka aika.

Wassalam, daga yayanka.