Wace ce Njideka Akunyili Crosby?

Ka tambaya ko mai zanen nan Njideka tana da alaƙa da marigayiya Dora Akunyili ta NAFDAC, da kuma abin da ya sa ake rububin zanenta. Ƙwarai kuwa, 'yarta ce ta cikinta.

A Inugu aka haife ta a 1983, ta tafi Amurka tana da shekara 16. Da niyyar zama likita ta shiga kwalejin Swarthmore, can zane ya ja hankalinta, har ta yi digiri na biyu a Jami'ar Yale a 2011. Yanzu tana zaune a Los Angeles.

In ka hango zanenta daga nesa, falo ne kawai: kujera, tebur, mace a zaune. Sai ka matso kusa ka ga bango da tufafin mutanen cike suke da ƙananan hotuna, na mujallun Najeriya, na mawaƙa, na shugabannin mulkin soja, na danginta. Takan shafa sinadarin asiton a bayan kwafin hoto, ta dirza shi har tawadar ta koma kan babbar takarda, sannan ta bi da fenti da fensir mai launi. Aikin na cin lokaci, shi ya sa 'yan kaɗan take kammalawa a shekara, masu so kuma ga su nan birjik.

A 2017 ta samu kyautar MacArthur, wadda ake bai wa masu hazaƙa ta musamman a Amurka, a shekarar kuma aka sayar da wani zanenta a gwanjon Christie's na Landan kan kusan dala miliyan 3. Amma ni a ganina, hoton waya ba ya yi wa aikinta adalci, domin ƙananan hotunan nan duk ɓacewa suke yi.