Amsa ga ƙanena na Jega kan tafiyar ƙafa a aikin Hajji

Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da asuba. Ƙanena na Jega, na saurari saƙonka, kana tambayar mi za ka zuba a jaka tunda kai da Inna za ku sauke farali bana, kuma wai an ce maka mota ke kai alhazai ko'ina. To ka saurara da kyau, sauran maniyyata ma su ji.

Motoci akwai, ban musa ba. Amma ranar da mutum sama da miliyan ɗaya da rabi sunka taso daga Arfa lokaci guda bayan faɗuwar rana, hanya kan cushe, wani lokaci dole ka sauka ka taka. Jifa kuwa da ƙafarka za ka je ka dawo, kwana uku ko huɗu a jere, kuma tantunanmu sau da yawa suna da nisa da Jamrat, wurin da ake jifar. Safa da Marwa kaɗai, zuwa da dawowar nan bakwai, ya haura kilomita 3, ban ma sa ɗawafi a lissafi ba.

Saboda haka tun gobe, in an sallame Asuba, ka fita ka taka, rabin awa da farko, kana ƙarawa. Ka lallaɓi Inna ita ma ta riƙa zagayawa, ko zuwa gidan 'yan uwa ne ta dawo. Kuma da takalmin da za ku tafi da shi za ku yi wanga atisaye. Don Allah kar ka ajiye sabon takalmi a leda wai sai an isa Makka. Sabo shi ke tayar da bororo, kuma in bororo ya fashe maka a Mina, ga zufa ga kwalta mai zafi, kowane taku sai ka ji shi har cikin kai. Kai namiji, nemi sandal mai taushin ƙasa da maɗauri a baya, wanda bai rufe idon sawu ba. Silifas na wanka yana tsinkewa cikin cunkoso, an taka maka shi sau ɗaya ya tafi. Inna ita tana da sauƙi, mace tana iya sa safa da kambas cikin harami.

Akwai abin da maza ke jin nauyin faɗa, ni zan faɗa. Cikin harami babu wando, cinyoyi na gugar juna har fata ta saɓule. Ka sayi basilin marar ƙamshi ka riƙa shafawa kafin ka fita. Sabulu ma marar ƙamshi.

Sai rana. Na san za ku ce mu 'yan Kabi mun saba, mun yi shinkafa a fadama cikin watan huɗu. Wallahi kar wannan ya ruɗe ku. A Hajjin 2024 zafi ya kai kusan digiri 52 a Makka, mutum sama da 1,300 sunka rasu, Allah ya jiƙan su, mafi yawansu waɗanda sunka yi doguwar tafiya cikin rana ba su da tanti. Kowa da laimarsa, kai da taka, Inna da tata. Gorar ruwa a hannu kullum, da ƙunshin gishiri da sukarin nan na kemis. Abin da ya fi damuna, iyayenmu mata kan ƙi shan ruwa don gudun layin bayi. Ka sa wa Inna ido sosai, ka riƙa miƙa mata ko ba ta nema ba. In ka ga jiri, ko ta fara magana ba kan gado, inuwa da ruwa nan take, sannan asibiti, akwai su a Mina da Arfa.

Babban akwati a masauki zai zauna. Daga 8 ga Zulhajji ƙaramar jakar goyo ce abokiyarka, kuma duk abin da ka sa ciki bayanka ne zai biya. Harami guda na canji, shimfiɗa marar nauyi don kwanan Muzdalifa tunda a ƙasa ake kwana, maganin hawan jini ko na suga in Inna tana sha, fawa bank, ɗan dabino, sai gorar roba da babu komai ciki don tsakuwa. Kowannenku guda 49 in za ku fita daga Mina ranar 12, guda 70 in za ku kai 13, ƙanana kamar ƙwayar wake. Katin Nusuk, wato katin shaidar alhaji na Saudiyya, a wuya ko barci kake. Lambar tanti da lambar wayarka ka rubuta a takarda ka sa a jakar Inna, don tantunan Mina duk kama ɗaya ne.

Batun jifarta, ka tambayi malamai wurin bita, akwai sauƙin da shari'a ta yi wa masu rauni, na wakilci da na barin Muzdalifa da dare. Kar kunya ta sa ta tilasta kanta.

Goro kuma a bar shi gida, hukumar alhazai na gargaɗi kansa duk shekara. Saƙon da wani zai ba ka a filin jirgin Birnin Kebbi, ko wa ne shi, in ba ka buɗe ka gani da idonka ba, ka ba shi haƙuri. In ka sayo takalmin turo mini hotonsa in duba. Ka gaida Inna, ka ce ta sa mu a addu'a.