Asalin kalmar "pagan": shin daidai take da arne ko Bamaguje?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin tarihi ne, ina aji biyu a jami'a. An ba mu wani babi kan mulkin Turawa a Arewa, sai na ga marubucin yana ta nanata pagan da paganism. Ƙamus ɗina ya ce arne da arnanci, abokin karatuna ya ce maguzanci, wani kuma ya ce kafirci ne kawai aka yi wa Turanci. Ina asalin kalmar, kuma wanne zan rubuta in na zo fassara? Allah ya ƙara wa Malam lafiya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kowannensu yana da ɗan rabonsa na gaskiya, amma in ka ɗauki ɗaya ka riƙa mannawa duk inda kalmar ta fito, za ka yi ɓarna a fassararka. Bari mu bi sawunta tun daga gida.

Kalmar ta Latin ce, harshen Rumawa. A wajensu pagus yanki ne na karkara mai iyaka, kamar ka ce ƙasar dagaci a wajenmu, kuma masana harshe suna danganta ta da aikatau mai nufin kafa turke a ƙasa, wato alamar iyaka. Mutumin da ke zaune a irin wannan yanki shi ne paganus: baƙauye, mutumin karkara. Shekaru aru-aru ana faɗinta ba ruwanta da addini. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatun Faransanci suna riƙe da jikokinta uku a baki: pays wato ƙasa, paysan wato manomi, da païen, wadda ita ce ta addinin. Duk daga pagus suka fito.

Sai sojojin Rum suka ara suka ba ta wata ma'ana. A bakinsu paganus shi ne duk wanda ba soja ba, farar hula, kuma da raini suke faɗi. Marubucin tarihi Tasitus ya kawo labarin yaƙin Kiremona na shekarar 69, inda kwamanda Antoniyus Firimus ya zuga wasu dakarunsa da gori, ya kira su pagani, ya ce in ba su ci yaƙin nan ba wane sarki ne zai sake karɓarsu. Ka ga nan zagi ne na bariki, ba batun ibada.

Ma'anar addini sai a ƙarni na 4 ta bayyana sosai. A 313 Sarki Konstantin ya sakar wa Kiristoci mara su yi addininsu. A 370 kalmar ta fito a wata dokar daula da ma'anar waɗanda ba Kirista ba. A 380 Tiyodosiyus ya mai da Kiristanci addinin hukuma, a 391 da 392 kuma ya hana yanka wa gumaka. Cikin ƙarni guda waɗanda ake farauta jiya suka zama masu gari, sai ga su suna bukatar suna guda da za su tattara duk sauran jama'a a ciki, ban da Yahudawa.

To me ya sa suka zaɓi wannan kalma? A nan masana suka rabu. Bayanin da ya fi yawo shi ne Kiristanci ya fara kafuwa a birane, ƙauyawa suka daɗe a kan tsohon tafarki, don haka "baƙauye" ya koma "mai bautar gumaka". Bayanin yana da tsohuwar madafa, don Orosiyus, almajirin babban malamin coci Ogustin, ya faɗi kusan haka a littafin tarihin da ya rubuta wajen 417: wai daga mararrabar hanyoyi da ƙauyukan karkara aka samo musu sunan. Amma akwai matsala. A ƙarni na 4, waɗanda suka fi kafewa kan tsohon addini ba manoma ba ne, manyan birnin Rum ne, 'yan majalisar dattawa masu dukiya da ilimi. Simakus, wanda ya riƙe sarautar birnin, shi ne a 384 ya rubuta wa sarki yana roƙon a mayar da bagadin allahiyar nasara zauren majalisa, Bishop Ambrus na Milan ya tsaya kai da fata aka hana. Makarantar masana falsafa ta Atina kuwa ba a rufe ta ba sai 529. Waɗannan ba wanda zai kalle su ya ce ƙauyawa.

Bayani na biyu ya bi ta barikin soja. Kiristocin farko suna kiran kansu sojojin Almasihu, kuma Tartuliyan na Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya yi wasa da kalmomin soja da farar hula tun wajen 211. Idan mai bi soja ne, wanda bai shiga ba farar hula ke nan. Na uku shi ne na Kiristin Mohrman, masaniyar Latin 'yar ƙasar Holan, wadda ta nuna cewa a maganar yau da kullum kalmar ta riga ta zama "wanda ba ɗan ƙungiya ba", ko wace irin ƙungiya ce. Ni a nawa ganin, na biyu da na uku abu ɗaya ne, kuma su suka fi ƙarfi: bare ake nufi, wanda ba namu ba. Sai dai warin raini na ɗan birni ga baƙauye ya riga ya kama kalmar, kuma masu wa'azi sun ji daɗin hakan, shi ya sa bai sake ta ba.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, waɗanda aka laƙaba wa sunan ba su suka raɗa wa kansu ba. Ba su ma da suna guda na abin da suke yi. Mai yanka wa Jufita a Rum, da mai bautar Isis a Masar, da mai shiga asirin Mitra, ba su ɗauki kansu 'yan addini ɗaya ba. In ka tambayi Barume sai ya ce yana bin al'adar kakanni. Na taɓa cin karo da irin wannan amsa da kunnena. Shekarun baya, a wani ƙauye kudu da Katsina, na zauna da wani tsoho a gindin rumbunsa, yana gyaran ƙotar fartanya, na tambaye shi sunan addininsu. Ya dube ni ya yi dariya, ya ce addini ai na masu salla ne da masu zuwa coci, su abin da suka tarar iyaye na yi suke yi. Cikin hirar nan ya ambaci Allah ya fi sau goma.

A gabashin daular, inda ake Girkanci, ba a yi amfani da paganus da wannan ma'ana ba. Can "Helen" ake cewa, wato Bagirke, har sunan ƙabila ya zama zagi na addini. Sarki Juliyan, wanda ya yi mulki daga 361 zuwa 363 ya kuma nemi dawo da tsohon addini, da alfahari ya amsa wannan suna. Turanci kuma yana da wata kalmar, heathen, da ake dangantawa da saura ko fako, ita ma dai can bayan gari.

Ga wani abin da zai ba ka mamaki. A tsakiyar zamanai, Turawa har Musulmi suke kira da wannan suna. Tsohuwar waƙar yaƙi ta Faransa, Waƙar Roland, ta wajen 1100, haka take kiran Musulmin Andalus, har tana ƙaga musu gumakan da suke bauta wa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka kalmar ba ta bayyana aƙidar kowa. Tana nuna inda mai magana ya tsaya ne.

Da wannan kaya Turawan mulki suka iso Arewa. A rubuce-rubucensu sun raba ƙasar gida biyu, masarautun Musulmi da yankunan pagan, suka zuba Birom da Angas da Tibi da Gwari da Mumuye da wasu ƙabilu da yawa a kwando guda. Alhali Birom suna da Dagwi, Tibi suna da Aondo, kowa da sunan da yake kiran Mahalicci da hanyar da yake bi. A bakin jami'in mulki kalmar ta fi zama ta haraji da tsarin sarauta: wa ke ƙarƙashin sarki da alƙali, wa ba ya ƙarƙashinsu. A ɓangaren Faransa kuma an fi son animiste, wato mai imani da iskoki, kalmar da Edward Tailo ya yaɗa a Ingila a 1871.

Yanzu mu dawo kan namu kalmomin, don a nan abokanka suka rabu.

Kafiri daga tushen Larabci yake mai nufin rufewa. A Suratul Hadid aya ta 20, malaman tafsiri da dama sun fassara kuffar da manoma, saboda suna rufe iri da ƙasa. A ma'anar shari'a kuwa kalmar ta fi pagan faɗi, tunda pagan ba ta taɓa haɗawa da Yahudu da Nasara ba. Saboda haka fassara paganism da kafirci kuskure ne. Abin da ya fi kusa a Larabci shi ne wasaniyya, daga wasan, gunki, ko kuma shirka.

Bamaguje ya fi kowa tarihi mai daɗi. Za ka ji labarin baka cewa wani mutum ne Bama da ya guje wa salla, daga nan aka sami sunan. Labarin yana da armashi, amma masana sun fi karkata ga Majusu, sunan da Larabawa ke kiran mabiya addinin Zaradusht na Farisa. Sau ɗaya sunan ya zo a Alƙur'ani, a Suratul Hajji aya ta 17. Ya tabbata Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi jizya daga Majusawan Hajar, kuma Muwaɗɗa ta Imam Malik ta kawo umarnin a bi da su yadda ake bi da Ahlul Kitabi. Wannan ya sa sunan ya zama ƙofa a fiƙihu: duk mutanen da aka sa a layin Majusu ana iya zama da su da amana, su biya jizya, ba a yaƙe su ba. Haka aka zauna da Maguzawa a ƙasar Kano bayan jihadi. Sunan ya yi tafiya sosai, don da mayaƙan teku na arewacin Turai suka auka wa birnin Ishbiliya na Andalus a 844, marubutan Andalus Majusu suka kira su. Amma a Hausa, Maguzawa mutane ne takamaimai, Hausawa ne na ƙasar Kano da Katsina da Zazzau, masu kan gida da iskokinsu, irin su Kure da Inna da Uwar Gona, waɗanda Josef Girinbag ya zauna da su ya fitar da littafi a kansu a 1946. Ba za ka kira Barume ko Batibi Bamaguje ba. Yawancin Maguzawa ma yau sun musulunta ko sun shiga Kiristanci, kuma akwai waɗanda ba sa son a ci gaba da kiransu da sunan.

Arne shi ya fi kama da pagan a ɗabi'a, don shi ma na waje ne ke faɗi, kuma da raini. A Nijeriya yau zagi ne mai zafi, musamman da wasu ke jifan Kiristoci da shi, abin da ko a ma'anar kalmar bai hau ba. Tsallaka iyaka zuwa Nijar kuwa sai ka ga launin ya sauya. A Arewa ta Dogon Dutsi da Adar ana cewa Azna, a Maraɗi da Gobir Anna, kuma sau da yawa ana nufin 'yan ƙasa na asali, masu riƙe da sirrin daji da gona da ruwa, har da sarautarsu. Sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Faransa ta Bule da Shanuwan a 1899 daga cikinsu take. Bahaushe kuma bai bar kalmar a wuri ɗaya ba. A kirarin 'yan dambe da mafarauta arne yabo ne, namijin da ba ya ja da baya. Matan zamani kuma in leshi ya kai leshi sai ka ji an ce wani arnen leshi.

Can Turai ma kalmar ta juye a ƙarni na 20. Bayan Ingila ta soke dokar hana maita a 1951, Jeral Gadna ya fito fili da tafarkin Wika, wani sabon addini mai jingina kansa da tsafin dauri, a 1954. A Aislan hukuma ta amince da masu farfaɗo da addinin kakanninsu a 1973. A ƙidayar Ingila da Wales ta 2021, mutum wajen 74,000 suka rubuta Pagan a matsayin addininsu, da hannunsu. Su wannan suna ne da suka zaɓa, ba laƙabi ba.

To ga yadda nake yi in ina fassara. In maganar Rumawa da Girkawan dauri ce, "masu bautar gumaka" ya wadatar. In Maguzawa ake nufi, sai in kira su da sunansu. In rahoton jami'in mulkin mallaka ne, kamar babin da aka ba ku, ina barin "arna" a cikin baka biyu, don mai karatu ya ji muryar Baturen da raininsa, kada in wanke masa baki. Amma in da bakina nake magana, "mabiya addinin gargajiya" nake rubutawa, sannan in faɗi ko su wane ne: Birom ne, Tibi ne, ko Aznan Adar. Shi ma wannan lafazin ba daga sama ya faɗo ba, masana irin su Jefri Farinda a 1954 da Bolaji Idowu a 1973 ne suka kafa shi a jami'o'i don a maye gurbin na Turawan mulki.

Ka duba babin naka da kyau, ka ga ko marubucin da bakinsa yake faɗin kalmar ko kuwa yana kawo maganar jami'an wancan lokaci ne. In littafin tsoho ne, na kafin 1960, galibi da bakinsa ne.