Daga giram zuwa lita: lissafin man da inji ke sha

Yarona, ka tambaye ni cewa kwamfutar da muke jona wa mota tana nuna giram a sakan ɗaya, takardun injeta, wato abin da ke fesa mai cikin inji, ma wasu da nauyi suke zuwa, alhali mai mota lita ya sani, kuma lita yake biya a gidan mai. Kana son sanin yadda ake mai da wancan ya zama wannan. Tambaya ce mai kyau, kuma na ji daɗi da ta fito daga bakinka, don da yawa daga cikin masu sana'ar nan sun tsufa ba su taɓa yin ta ba.

Abin da ke tsakanin awon biyu shi ne nauyin lita ɗaya ta man. Mudun gero da mudun dusa duk mudu ne, amma ɗora su a sikeli ka gani. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne. Fetur bai kai haka ba, litarsa tana tsakanin giram 720 da 780, gwargwadon matatar da ta tace shi da kuma zafin da ya ɗauka. Ni da 740 nake aiki. Sai ka ɗauki nauyin man da ke wucewa, ka raba shi da nauyin lita ɗaya. Injin da ke shan kilo 10 a awa yana shan lita 13.5 ke nan. In ka ga amsarka ta fito 7.4, ninkawa ka yi maimakon rabawa. A fetur dole adadin lita ya fi adadin kilo, ka riƙe wannan.

Yanzu ga inda nake son ka natsu. Giram ɗin da kake gani a kwamfuta na iska ne, ba na mai ba. Na'urar da ke bayan matatar iska ce ke auna shi, ita kuma kwamfutar motar ta yanka mai daidai da iskar. A injin fetur da ya yi zafi yana aiki lafiya, kowane giram 14.7 na iska giram ɗaya na mai ake ba shi. Kuma da nauyi aka yi wannan rabon, saboda wuta ba ta duba girman abu, yawan abin da za ta ci take dubawa.

A ce an kawo mana Corolla tana silo, wato a kunne ba a taka totur ba, ta nuna giram 3 a sakan. Raba 3 da 14.7, ka samu kusan 0.2, wato man da take sha a sakan ɗaya. Awa ɗaya sakan 3,600 ce, in ka ninka za ka samu wajen giram 735. Raba da 740, ga ka da kusan lita ɗaya a awa. Direban da ke barin mota a kunne a tashar Daura yana jiran fasinja su cika, yanzu kana iya gaya masa abin da jiran nan ke ci a aljihunsa. Amma kada ka yi wannan lissafin da sanyin safiya kafin inji ya ɗau zafi, ko lokacin da aka taka totur har ƙasa, domin a nan kwamfuta ƙara mai take yi, 14.7 ba ta aiki.

Kuskuren da na fi gani wajen yara ba a rabawar yake ba, a lokaci yake. Mutum ya ɗauko sakan a nan, minti a can, ya haɗa su wuri ɗaya. Rubuta awon lokacin kusa da kowace lamba, ko da za ka cika takarda.

Injeta kuwa, 'yan Amurka da fam a awa suke rubuta ƙarfinta, Japan da Turai kuma da sisi a minti, sisi dubu shi ne lita ɗaya. Fam ɗaya giram 454 ne. In ka raba da 60 don mai da awa minti, ka sake rabawa da 0.72, wato nauyin sisi ɗaya a giram (a nan da 720 aka yi lissafin, ba 740 ba), za ka samu kusan sisi 10.5 a minti a kowane fam. Saboda haka injeta mai fam 19 a awa tana fesa wajen sisi 200 a minti. Yawanci a matsin mai na bar 3 ake yin wannan awon (bar shi ne awon matsi), don haka in famfon mai ya yi rauni ba za ka ga 200 a kwalbar gwaji ba, kuma ba laifin injetar ba ne. Duba matsin kafin ka sa mutum ya sayi sababbi.

Saura zafi, wanda mu a Katsina ba mu isa mu manta da shi ba. Fetur yana kumbura da kusan kashi ɗaya cikin dubu a kowane digiri. Masu cinikin mai na duniya a digiri 15 suke tsai da awonsu, kamar sanyin asubar hunturu ke nan a wajenmu. A watan Afrilu kuwa, da rana ta take, mukan kai 40. Man da litarsa ke da giram 740 a sanyi zai sauko wajen 720 a wannan zafin. Nauyin jimlar yana nan yadda yake, wurin da ya cika ne ya ƙaru. Tankar lita 33,000 da aka loda da zafi, in man ya huce da digiri 10 a hanya, sai a ga giɓin sama da lita 300, ba tare da kowa ya zuƙi ko ɗigo ba. Na sha ganin an zargi direba da sata a kan haka, abin yana ɓata mini rai.

In kana son lambar man da ke gabanka, ba ta takarda ba, ɗora jarka busasshiya a sikeli ka rubuta nauyinta. Je gidan man da ka yarda da famfonsa a zuba maka lita 10, ka sake aunawa, ka cire nauyin jarkar. Ya kamata ka ga kilo 7.2 zuwa 7.8. In ya haura haka, ka yi zargin an garwaya shi da kananzir ko gas, don su biyun sun fi fetur nauyi, litar gas ta kan kai giram 830 ko fiye. Man 'yan bumburutu ya fi buƙatar wannan gwajin. Ka yi awon a fili inda iska ke kaɗawa, nesa da mai walda, kuma ka rufe bakin jarkar da zarar an gama zubawa.