Tambaya da Amsa: Ruwan gora ya daskare a hannuna, ko da sa hannun mutanen ɓoye?

TAMBAYA: Salam Malam, don Allah a warware min wannan. Shekaranjiya na ciro ruwan gora a firiza, ruwa ne tsab ba ko alamar ƙanƙara, ina murɗe murfin kawai sai naga ya fara fari daga sama yana gangarowa har gindin gorar, kafin in kai baki ya daskare. Kakata tace maza in zubar inyi a'uziyya. Meye gaskiyar abun? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƴar'uwa. A gaida Hajiya Kaka, ace ta kwantar da hankalinta, a'uziyya kam ba laifi amma ruwan nan lafiyarsa ƙalau, da kin shanye abinki.

A makaranta an koya mana ruwa na daskarewa a digiri 0, haka ne, sai dai akwai sharaɗin da ba'a cika faɗa ba: ƙanƙara bata farawa sai ta samu abinda zata kama ta ginu a kai, ƴar ƙura ce, kumfar iska ce, ko ɗan kaushi a jikin gora. To ruwan gora an tace shi, robar kuma sumul take, ga firiza da yawanci ke kaiwa digiri 18 ƙasa da sifili, sai ruwan ya wuce 0 yana ta ƙara sanyi a ruwansa, kamar baƙi ne an ajiye musu kwanon tuwo kowa ya wanke hannu amma ana jiran wanda zai fara gutsura. Murfin da kika murɗe ya girgiza shi, ƙwaya ɗaya ta ƙullu, shikenan sauran suka bi. Turawa na ce masa supakulin, kuma ba sabon abu bane, Daniel Fahrenheit mai ma'aunin zafi ya rubuta labarinsa tun 1724.

Nasan baki samu ƙanƙara mai tauri ba, ruɓu-ruɓu ce. Dalili, daskarewa kanta zafi take fitarwa, nan take ruwan ya dawo digiri 0 aikin ya tsaya. In ya sauka digiri 8 ƙasa da sifili, kusan kashi 1 cikin 10 ne kawai ke zama ƙanƙara.

A sama ma abun ya fi haka, ƙananan ɗigon ruwa a cikin gajimare na iya kaiwa wajen digiri 40 ƙasa da sifili basu daskare ba, jirgi na ratsawa su manne a fikafikansa su zama ƙanƙara, shi yasa ake sawa fikafikan na'urar ɗumama su.

In kina son nunawa Kaka da ido, ki kwantar da sabuwar gorar roba a firiza kamar awa 2 zuwa 3, in wuta ta zauna kenan, ki ciro a hankali ki ɗan buga ta a tebur a gabanta. Banda kwalba dai, tana iya fashewa.