Kafin Ka Huda Zauren Wutar Nan, Ƙanena

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya same ni daren Juma'a bayan na taso daga aiki. Ka ce kana shekarar ƙarshe ta HND a Kadpoly, ka samo tsohon injin Marsandi mai silinda biyar da turbo a Panteka, kuma aikinka na kammala karatu shi ne faɗaɗa ramukan ɗan ɗakin nan da ke cikin top, wato murfin kan injin, don injin ya ƙara ja. Tambayarka biyu ce: ka huda ko kar ka huda, sannan in hannunka ya faɗa a wannan aikin, zai kawo ka Jamus?

Bari mu fara da injin, don nan ne bakina ya fi ƙarfi.

Maigidana na Kurmin Mashi, Allah ya jiƙansa, zaure yake kiran wannan ɗan ɗaki, kuma har yau ban ji sunan da ya fi shi dacewa ba. Baƙo ba ya faɗawa tsakar gida kai tsaye, sai ya bi ta zaure. Haka man gas yake a irin wannan injin. Fistin na hawowa sai ya tura iska ta ƙananan ramuka zuwa cikin zauren, iskar ta shiga da gudu da zafi, nozul ya fesa mai a ciki, wuta ta kama, sannan ta feso ta waɗannan ramukan dai zuwa kan fistin inda sauran iskar ke jira. Ƙuncin ramin ne ke gauraya mai da iska. Wannan shi ne abin da masu ɗaukar dirili ke mantawa: abin da suke gani kamar cikas, shi ne muciyar tuwon.

Dabarar ta tsufa. Prosper L'Orange ne ya yi mata rajista a 1909 yana aiki da kamfanin Benz, kuma wadda ke cikin injinka, OM617, jikarta ce: doguwa kamar yatsa, da ɗan ƙarfe mai dunƙulen kai a gicciye a tsakiya wanda man ke bugu ya tarwatse. Akwai kuma ɗaya dangin, na Harry Ricardo na Ingila, mai suna Comet, wanda ya fito a 1931. Shi zagayayye ne da maƙogwaro guda a karkace, iska na juyawa a ciki kamar guguwa. Irinsa ne a Fijo 504 mai gas (mu dai na fetur muka fi sani cikin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kakuri tun 1975), haka kuma su 1HZ, injin Toyota na Coaster da Land Cruiser.

Kowanne cikinsu yana da harajin da yake karɓa. Tura iska ta ƙaramin rami na cin ƙarfi, bangon zauren kuma na shanye zafi. Shi ya sa matsin waɗannan injuna ke kai 21 ko 22 bisa 1, shi ya sa kuma ba sa tashi da safe sai da hita, ɗan ƙarfen nan da ke ɗumama cikin zauren. Ladan da suke bayarwa shi ne laushin murya da rashin tsirfa wajen mai. Nozul ɗin injinka a matsin "bar" 135 yake buɗewa ("bar" ma'aunin matsi ne), alhali na zamani suna aiki da "bar" 2,000 ko fiye, ɗigon ruwa ko ƙasa a cikin mai ya isa ya kwantar da su.

To da aka sa turbo, iska ta ƙaru amma ƙofar zaure tana nan yadda take. Daga nan tunanin hudawa ya samo asali, kuma ba shirme ba ne gaba ɗaya. In an ƙara mai sosai ana kuma gudu a sama, faɗin rami na rage wahalar numfashi. Sai dai a ƙasa, inda motar haya ke yin rayuwarta, tsakanin Kawo da Kasuwa cikin cunkoso, gudun feshin wutar ya ragu, gaurayawa ta lalace, hayaƙi ya ƙaru. Naman ƙarfen da ke tsakanin rami da rami kuma ya sirance a daidai wurin da ya fi ko'ina shan wuta.

Ni na taɓa yi, ba labari aka ba ni ba. Ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, wani direba ya matsa mana a kan tsohuwar Marsandinsa, wai ba ta ja. Muka jira maigida ya tafi ɗaurin aure, na ciro zaurukan biyar, na danne su a bais ɗaya bayan ɗaya, na bi ramukan da dirilin hannu. Ma'aunina ido ne. Da muka hau titin Zariya da yamma motar ta yi ta tashi, direba har da ba ni na goro. Washegari da asuba, lokacin hunturu ne, ya yi ta murza makulli har batir ya mutu, farin hayaƙi mai yaji ya cika layin. Da ta tashi sai rawa take kamar mai zazzaɓi, don babu zaure biyu da ramukansu suka zo ɗaya. Ba a yi wata biyu ba bakin ɗaya ya tsage, guntun ya faɗa kan fistin. Da muka buɗe top, kan fistin ɗin kamar an sassare shi da gizago. Maigida bai zage ni ba. Ya ɗora guntun a tafin hannuna ya ce, "Nawa ne faɗin ramin kafin ka taɓa?" Ban sani ba. Garin neman gira muka rasa ido, ni ko lambar da zan kare kaina da ita ba ni da.

Saboda haka amsata ita ce ka huda, tunda karatu ne, amma kar dirili ya taɓa ƙarfe sai littafinka ya cika da lambobi. Ka nemi saiti biyu, ɗaya ka bar shi yadda kamfani ya yi. Ka auna kowane rami, ka auna cikin kowane zaure da sirinji, ka gwada matsin silinda biyar ɗin, ka kai nozul a gwada inda suke buɗewa da yadda suke feshi. Sau da yawa a nan ciwon yake: nozul mai ɗiga kan ƙona zaure lafiyayye, a zo a ɗora wa turbo laifi. Duk sanda ka cire nozul ka sa sabon washan da ke kare bakinsa daga zafi, kar ka mai da tsohon. Abin da ya fi komai kuwa shi ne ma'aunin zafin hayaƙi a gaban turbo. Ni ba na barin irin wannan injin ya daɗe sama da digiri 650 a kan hawa. Ka zaɓi hawa guda, kaya iri guda, ka canza abu guda tak a kowane gwaji. In ka faɗaɗa rami ka kuma murɗa famfon injekta rana ɗaya, ba za ka taɓa sanin wanda ya yi aikin ba.

Ka lura kuma da abin da masu ƙera shi suka yi. Da Marsandi ta sa wa OM617 turbo a 1978, ta sa bututun da ke fesa baƙin mai a ƙarƙashin kowane fistin don ya huce. Toyota kuwa da ta tashi yin injin lita 4.2 mai turbo, sai ta fitar da 1HD-T wanda ba shi da zaure sam, matsinsa kuma ya sauko zuwa 18.6. Masu ɗora wa 1HZ turbo a waje ba tare da kula da zafi ba, tsagewar kofin zaure ce ke jiransu. Zafi ne abokin gabarka, don haka lagireto mai tsabta da abin sanyaya iskar turbo sun fi dirili amfani ga direban da ke neman na cefane.

Yanzu maganar tafiya, kuma ba zan yi maka zaƙin baki ba. A nan wannan fasahar ta zama tarihi. Tun da Audi ta fito da TDI, injin da ke fesa mai kai tsaye kan fistin, a 1989, sannan tsarin kwaman-rel, mai bututun mai guda da kwamfuta ke sarrafawa, ya shigo ƙananan motoci a 1997, aka bar zaure a baya. A Shtutgat, garin Marsandi kanta, an hana tsofaffin motocin gas shiga gari tun farkon 2019. Waɗanda suka tsira su ne masu lambar H, wato motar da ta shekara 30 kuma aka bar ta yadda take tun asali. Irinsu nake gyarawa a garejin da nake, kuma mai irin wannan motar kuɗi yake biya don a mayar masa da ita kamar ranar da ta fito. In na huda masa zaure, a ranar zan ajiye rigar aiki. Akwai samarin Finlan da ke wasa da OM606, wani injin Marsandi mai zaure, suna fitar da ƙarfi na ban mamaki, amma sha'awa ce ta ƙarshen mako, ba wanda zai ba ka biza a kanta.

Ranar da na je neman gurbi, shugaban garejin bai tambaye ni injin nawa na taɓa saukewa ba. Maikuromita, abin auna kaurin ƙarfe daidai-wa-daida, ya miƙo mini da wani ƙarfe, ya ce in auna sau uku in rubuta. Hannuna na rawa, amma lambobin suka zo ɗaya. Tambayar maigidana ce ta dawo mini da wani harshe. Bayan haka sai da na yi shekara uku da rabi ina koyon sana'ar daga tushe, da gemuna, a aji ɗaya da yara 'yan shekara 17, alawus ɗin kuma da ƙyar yake biyan haya da abinci. Rabin karatun wayoyi ne da kwamfuta, yanzu har da motocin lantarki.

In wannan hanyar kake so, Jamusanci ne ƙofar, aƙalla matakin B1, kuma cibiyar Goethe da ke Legas na shirya jarrabawar. In jami'a kake nufi, za a nemi ka nuna kuɗin zaman shekara a asusun da ake kullewa. A ƙarshen 2024 Yuro 11,904 ne, ka duba na yanzu a shafin ofishin jakadanci da idonka. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka biza ta bayan fage, ka riƙe aljihunka. Hanyar Agadas kuwa ko a mafarki, kai kaɗai Hajiya take kallo.

Wani abu kuma da kan tsaya mini a rai in ina wanke hannu da yamma: injin da ya mutu a nan, a gida da ransa. Coaster da Hilux da janareto masu zaure suna nan birjik daga Mando har Kakuri, masu gwada nozul da gaskiya kuma ba su da yawa. Ba na cewa ka zauna, ni da na tafi ba ni da bakin faɗin haka. Amma ka sa wannan a lissafi.

Akwai wanda zai zo gida kafin Babbar Sallah, zan ba shi ma'aunin zafin hayaƙi da maikuromita guda ya kawo maka. Kafin nan ka ciro zaurukan biyar, ka jiƙa su a kananzir, ka duba ko ɗan ƙarfen tsakiyar yana motsi a wani, ka turo mini hotonsu da faɗin kowane rami. Ka gaishe da Hajiya da kyau, ka ce ina nan tafe in Allah ya yarda.