Cok Mai Makulli Ko Marar Makulli? Amsoshin Tambayoyin Masu Aikin Katako

Wani kafinta daga Rigasa ya rubuto cewa yana da injin huda na girke, wanda ya saya na hannu a Panteka, kuma cok ɗinsa, wato bakin da ke riƙe bit (ƙarfen da ke yin hudar), ya fara saki idan aiki ya yi nauyi. A kasuwa an nuna masa iri biyu, mai makulli da marar makulli, na biyun ya fi tsada, don haka yake son sanin ko ƙarin kuɗin ya cancanta. Ya ce yawancin aikinsa ƙofofi ne da gadaje da kabad ɗin kicin.

Malam, kafin ka ciro kuɗi, ka tabbatar cewa laifin na cok ɗin ne. Ka ɗaure bit, ka ja layi ɗaya da alli daga jikin bit ɗin ya hau kan cok har ya kai sandar injin, sannan ka huda katako mai tauri. Idan layin ya rabu tsakanin bit da cok, haƙoran nan uku da ke damƙe bit sun cinye, ko kuma ba a ɗaure su sosai. Idan kuwa ya rabu tsakanin cok da sanda, mazaunin cok ɗin ne ya yi datti ko maiƙo, kuma gogewa da busasshen tsumma a mayar da shi da bugu ɗaya na gudumar katako kan isa. Yaran shago da yawa suna ɗaurewa a rami ɗaya su tafi, alhali ramukan makullin uku ne, kuma bin su ɗaya bayan ɗaya yana ƙara ƙarfin riƙon ƙwarai.

Idan ya tabbata cok ɗin ya mutu, shawarata ga irin aikinka ita ce ka sayi mai makulli, mai buɗewa har milimita 16. Dalilin yana cikin yadda kowannensu ke riƙo. Mai makulli, wanda Arthur Jacobs ya yi wa rajista a Amurka a 1902, yana da giya a jikinsa wadda makullin ke juyawa, kuma hannun makullin yana ninka ƙarfin hannunka, ta yadda duk yadda ka ɗaure haka zai zauna, ko injin na juyawa gaba ko yana ribas. Marar makulli na injinan girke, irin wanda kamfanin Albrecht na Jamus ya yi suna da shi, da kansa yake ƙara matsewa gwargwadon turjiyar katako. Wannan dabara ce mai kyau, amma tana zuwa da matsaloli biyu. Na farko, idan injin ya juya baya, cok ɗin na iya kwancewa ya saki bit. Na biyu, wanda ya fi shafar ka, idan ka sa babban bit, kamar Forstner mai milimita 35 da ake huda mazaunin hinjin kabad da shi, ko zagayayyen zarton da ake fasa ramin kwaɗon ƙofa, a jikin maɗaci ko iroko, matsewar kan yi yawa har hannu ya kasa buɗe shi. A nan ne ake ɗauko sifanar famfo a kama jikinsa da ita, kuma cok ɗin da aka yi wa haka sau da yawa ba ya sake juyawa daidai.

Wannan ba ya nufin marar makulli ba shi da wurinsa. Kafintan da ke yin kujeru ko ƙananan akwatuna, wanda yake sauya bit na milimita 3 zuwa na 5 zuwa na 8 a kan aiki guda, zai ga saurinsa tun ranar farko, domin juyi ɗaya da hannu ya wadatar. Haka kuma ya rabu da neman makulli cikin tarin dusar katako, ya kuma rabu da haɗarin da ya fi wannan muni, wato a manta makulli a jikin cok a kunna inji, ya yi tsalle ya sami wani a fuska. Mai amfani da cok mai makulli ya kafa wa yaransa doka cewa hannu ba ya barin makulli sai an zare shi, ya kuma tanadar masa wurin ratayewa a jikin injin. Masu sayarwa za su gaya maka cewa marar makulli ya fi juyawa daidai ba tare da rawa ba, kuma gaskiya ne idan na kirki ne, sai dai wannan bambanci ya fi amfani ga masu aikin ƙarfe, a katako da wuya ido ya gan shi. Marar makulli mai araha kuwa, wanda babu ko sunan kamfani a jikinsa, shi ne mafi munin abin da za ka iya saya, gara mai makulli na hannu daga Jacobs ko Röhm idan haƙoransa ba su cinye ba. Ka kuma tuna cewa marar makulli ya fi tsawo, saboda haka yana rage tazarar da ke tsakanin bit da teburin injin.

Ranar saye ka tafi da tsohon cok ɗin a hannu. A jikinsa za ka ga rubutu irin B16, B18, JT33 ko JT6, wanda ke nuna girman mazauninsa, kuma waɗannan ba sa maye gurbin juna ko da ido ya ga kamar ɗaya suke. Idan sandar tana fita gaba ɗaya daga injin, galibi lambar girmanta MT2 ce a injinan shago, ita ma ka tafi da ita. A gaban mai kaya ka rufe cok ɗin har ƙarshe, ka duba ko haƙoran uku sun haɗu a tsakiya babu wanda ya riga wani.

Wani mai sassaƙa ƙafafun gado daga Kakuri ya tambayi wanda ya dace da injinsa mai juya katako. Kowanne zai yi, Malam, amma ga manyan ramuka mai makulli ya fi. Abin lura shi ne lokacin janye bit daga rami: dusa kan riƙe shi har ta fizgo cok ɗin daga mazauninsa, don haka ka rage gudu, ka riƙa fitowa kana zubar da dusar kafin rami ya yi zurfi.

Wata baiwar Allah daga Unguwar Rimi ta ce ɗanta ya kusa kammala koyon kafinta, tana son ta saya masa injin huda mai batir da ake riƙewa a hannu, amma an tsorata ta cewa marar makulli yana saki.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, domin kusan duk injinan batir da marar makulli suke zuwa, kuma ƙirarsu daban take da ta injinan girke. An yi su ne don ɗaure sukuru da kwance shi, saboda haka ribas ba ya kwance su, musamman masu yin ƙas-ƙas idan an matse su har ƙarshe. Ki nemi mai milimita 13 maimakon mai 10, kuma wanda jikin cok ɗinsa ƙarfe ne ba roba ba, tunda ita ce ke fara fashewa idan injin ya faɗi daga kan tsani. Ganin yadda wutar lantarki take a Kaduna, batir biyu sun fi masa amfani fiye da kowane ƙyale-ƙyale. Ki kuma isar masa da saƙo biyu: ya riƙa buɗe cok ɗin yana kakkaɓe dusa da ƙurar hunturu, ya ɗiga ɗan mai kaɗan a haƙoran, sannan duk ranar da zai sauya shi, sukurun da ke can ciki na hagu ne, ana kwance shi ta ɓangaren da aka saba ɗaure sauran.